Neman abokan daina giya a birnin Katsina

A Katsina mashayi ba ya rasa mai gaya masa cewa giya haramun ce. Liman yana faɗa a kan mumbari, uwa tana faɗa da hawaye, mata tana faɗa da yaji, shi kansa ya haddace ayar Ma'ida tun yana Islamiyya. Abin da yake rasawa shi ne inda zai zauna ya buɗe baki ya ce "jiya na sha," ba tare da an watse an bar shi ba, kuma ba tare da maganar ta riga shi isa gidan surukansa ba. Irin wannan wuri na nema, na kuma sha wuya kafin in same shi. Na san muna da yawa a garin nan, daga mai babbar riga har ɗan Keke Napep, kowa na fama shi kaɗai yana zaton babu wani sai shi.

Sana'ata haɗa wutar lantarki da sanya sola. Na koyi sha ne a shekarun da nake bin 'yan kwangila aiki a Abuja, inda babu wanda ya san ɗan gidan wane ne ni. Da na dawo gida na yi aure, na sa rai garin ne zai raba ni da ita. Tun shekarar 2000, zamanin mulkin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, jihar nan ke kan shari'ar Musulunci, kuma ko yaro ya san haddin mashayi bulala tamanin ne. Sayar da giya a fili ya kau, amma mai nema ya san inda zai je, ba kuwa zan kwatanta wa kowa hanya ba. Abin da ɓoyon ya jawo mini shi ne canjin abin sha. A Abuja kwalba nake sa wa gaba, ina kurɓa ana hira. A gida babu wannan sararin, sai na koma wa mai zafi, ta ƙaramar roba ko ta leda, wadda ake ɗaɗɗaka cikin mota a bayan gari, a tauna kanumfari, a fesa turare, a shigo gida da sallama. Ta fi arha, ta fi saurin ɓoyuwa, ta kuma fi cin jiki nesa ba kusa ba.

Shekaru da yawa azumi ne hujjata. Da Sha'aban ya kama sai in ajiye, in yi Ramadan fes har da tahajjud, in ce wa raina wanda ya iya haƙurin wata biyu ai bai kamu ba. Amma ban taɓa kammala sittu Shawwal ba tare da na koma ba. Daga ƙarshe ko wannan ɗin ya gagara. Da safe hannuna rawa yake, ba na iya ɗaure waya a jikin inbata sai na kurɓa. Mutum ne yake hawa rufin gidajen jama'a yana taɓa wuta a wannan hali.

Maiɗakina ta daɗe da sani, ta daɗe tana rufa mini asiri. Ranar da ta gaji ba gidansu ta nufa ba, wajen yayata ta je a Ƙofar Marusa. Aka yi zaman dangi, kowa ya kawo tasa. Masu cewa sammu ne, masu cewa a yi ruƙya, masu cewa a karɓo rubutu. Kawunmu ya ce akwai inda ake kai irina a sa masu mari har su shiryu. Yaya ta ce atafau. Ba ta manta abin da aka gani a watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da nan cikin Katsina, makonni kaɗan bayan na Rigasa a Kaduna, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Ba na ɗaukar iyayen da suka kai 'ya'yansu can a matsayin mugaye. Sun kai su ne don ita ce kaɗai ƙofar da suka sani.

A wannan zaman na yi rantsuwa gaban Yaya cewa na daina, na kuwa yanke a daren. Nan ne nake roƙon duk mai karanta wannan ya tsaya ya ji da kyau. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum, yanke ta farat ɗaya ba tare da likita ba yana iya zama ajalinsa. Tsakanin awa 6 zuwa 24 da shan ƙarshe jiki ke fara rawa, ga gumi, ga amai, ga bugun zuciya, barci ya ƙaura. Wasu a kwana biyun farko suke faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Mafi haɗari kuwa yakan zo a kwana na biyu zuwa na huɗu, inda hankali ke gushewa, mutum ya riƙa ganin abin da babu. Ni ƙwari na riƙa gani suna bin bango suna gangarowa kan katifa. Mutanen gida suka ce ai ga shi nan, iska ce, a kira mai ruƙya. Yaya ta ce a yi addu'ar a cikin mota, ta sa ƙanena ya ɗauke ni zuwa asibitin gwamnati.

Sashen masu larurar ƙwaƙwalwa aka kwantar da ni, wanda mutanen gari ke kira da sunan da kowa ya sani, kuma wannan sunan kaɗai ya hana mutane da yawa zuwa. An ba ni maganin kwantar da jijiyoyi dangin diazepam, ana rage shi sannu a hankali, da ƙarin ruwa, da allurar bitamin B1, domin giya na cinye shi a jiki kuma rashinsa na lalata ƙwaƙwalwa. An ɗebi jini an duba hanta. Likita ya gaya wa Yaya cewa in abin ya fi ƙarfinsu akwai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, da na Dawanau a Kano. Allah ya taƙaita, ba a kai ga haka ba.

Ranar sallama ya zaunar da ni ni kaɗai.

"Malam, namu aikin ya kusa ƙarewa. Mun fitar maka da ita daga jini. Akwai magungunan rage sha'awarta, za mu duba wanda ya dace da kai. Amma in ta taso maka da la'asar, kana da kuɗi a aljihu, wa za ka kira?"

Na ce, "Likita, babu."

"Matarka fa? Yayarka fa?"

Na ce ai su nake ɓoye wa.

Ya juya takardar magani ya rubuta haruffa biyu a bayanta, AA, wato Alcoholics Anonymous. Ya ce ƙungiya ce ta mutanen da giya ta kama, suke haɗuwa suna riƙe juna, ba likita a ciki, ba malami, ba kuɗi. Ya ce in nema.

Da dare na fara nema a waya, ina gamawa ina goge abin da na bincika. Abin da ya fara cika mini fuska tallace-tallacen gidajen gyaran hali ne masu zaman kansu, da hotunan gadaje da furanni, kuɗinsu kuwa ya fi ƙarfin mai sana'ar hannu. Ya ɗauke ni lokaci kafin in gane cewa abu biyu ne daban. Gidan gyaran hali wurin kwanciya ne da ake biya, taron 'yan'uwa masu murmurewa kuwa zama ne na awa ɗaya, kyauta, a tashi kowa ya koma gidansa. Na kuma ga cewa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ban da kame tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. Tsorona ne ya hana ni taka ƙofarsu, amma na haɗu da waɗanda suka bi ta nan daga baya. Tarurrukan AA na ido da ido da suka fito mini kuwa na Legas ne da Abuja. Tafiyar Abuja kowane mako ba abu ne mai yiwuwa gare ni ba, ga kuɗin mota, ga halin da hanya take ciki, ga tambayar da za a yi mini a gida.

Na dai tura saƙo ga wata lamba da na gani. Washegari wani mutum ya kira, daga jin harshensa ɗan kudu ne. Bai tambayi sunan mahaifina ba, bai tambayi aikina ba. Cewa ya yi, "Ka sha yau?" Na ce a'a. Ya ce to maganar yau ɗin kaɗai za mu yi, gobe in ta zo ma yi tata. Shi ya nuna mini cewa ana yin irin wannan taron ta Zoom, kusan kowace sa'a ta dare da rana akwai wanda ke gudana a wani yanki na duniya, ya kuma turo mini hanyar shiga.

Bayan sallar isha na kulle kaina a shago, na sa abin ji a kunne, na kashe kyamara. Ba a tilasta wa kowa nuna fuska, kuma kashe ta na rage cin data sosai. A wurin suna na rubuta harafi ɗaya. Mai jagorantar zaman, wanda shi ma mashayi ne da ya daina, ya karanta 'yar gabatarwa. A ciki na ji cewa sharaɗin zama ɗan ƙungiya guda ɗaya ne tak, son daina sha. Daga nan aka fara karɓa-karɓa. Kowa zai faɗi sunansa na farko, ya ce shi mashayi ne, sauran su amsa masa gaisuwa, ya yi maganar minti uku ko huɗu a kan kansa. Ba a katse mutum. Ba a ba shi amsa. Ba wanda zai ce "da ka yi kaza." In ya gama a ce an gode, na gaba ya ɗauka. Wata tsohuwa ta ba da labarin yadda take ɓoye kwalba a cikin injin wanki. Wani ya ce yakan canza shagon saye don kada mai shago ya lura da yawan zuwansa. Ni da nake zaton dabarun ɓoyona nawa ne ni kaɗai, sai ga mutanen da ba su san akwai wani gari Katsina ba suna lissafo su ɗaya bayan ɗaya. Da aka tambaya ko akwai sabon zuwa, ban iya magana ba. Na rubuta a akwatin saƙo cewa ga ni. Nan da nan lambobin waya suka yi ta shigowa, kowa na cewa in kira shi kafin in sha, ba bayan na sha ba.

Ga mai son gwadawa, akwai zama iri biyu. Na buɗe, wanda iyali ko likita ko mai son sani zai iya saurare, da na rufe, wanda sai mai matsalar. Sai kuma lissafin lokaci. Ingila lokacinmu ɗaya da su daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni muna gabansu da awa ɗaya. Gabashin Amurka muna gabansu da awa 5 ko 6, don haka taronsu na yamma tsakar darenmu ne. Wannan ya yi mini rana a watannin farko da barci ya ƙi dawowa.

A cikin waɗannan zaman na ji asalin abin. A 1935 ne, a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson ya je harkar kasuwanci ta watse masa. Bai daɗe da daina sha ba, ya ji yana shirin komawa. Maimakon ya nemi mai yi masa wa'azi, sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayin, aka kai shi wurin wani likitan tiyata, Bob Smith. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dalilin zuwansa. Bai je don ya ceci likitan ba, ya je ne don ya ceci kansa ta hanyar yin magana da wanda zai gane. Duk ƙungiyar a kan wannan aka gina ta. Kuma ba tatsuniya ba ce kawai: a 2020 cibiyar Cochrane, mai tantance binciken likitanci, ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum sama da 10,000, ta ga cewa wajen ɗorewa kan daina sha gaba ɗaya, wannan hanyar na kai wa sauran hanyoyin ba da shawara na asibiti, a wasu ma'aunan ma ta fi su.

Duk da haka abu biyu suka dame ni.

Na farko addini. Akwai matakai goma sha biyu da 'yan AA suke bi wajen murmurewa, cike suke da ambaton Ubangiji, amma suna cewa kowa ya ɗauke shi yadda ya fahimta, kuma asalin ƙungiyar daga wani motsi na Kiristoci ya tsiro. Wasu zaman da addu'ar coci suke rufewa. Sannan mataki na biyar na cewa mutum ya faɗa wa wani ɗan'adam ainihin laifuffukansa, ni kuwa na tashi da sanin cewa wanda Allah ya rufa wa asiri ba ya tona kansa. Na kai wata ina juya wannan kafin in sami ƙarfin halin zuwa wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa tun ina saurayi. Na jira almajirai suka watse.

"Allah shi gafarta Malam, magana gare ni mai nauyi."

Ya saurara har na kai aya, bai canza fuska ba. Da ya buɗe baki, labarin sahabin nan ya fara ba ni, wanda aka sha kawo shi gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, har wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ya tuna mini cewa ita kanta giyar ba rana ɗaya aka haramta ta ba. Aka fara da cewa zunubinta ya fi amfaninta, aka zo ga hana kusantar salla cikin maye, sannan aka yanke. A kan mataki na biyar ya ce, "Ɗana, abin da aka hana shi ne mutum ya kwana yana saɓo, Allah ya rufe shi, ya wayi gari yana alfahari da shi a majalisa. Wanda ya faɗa don neman magani, kamar mai buɗe al'aurarsa ne gaban likita, gwargwadon lalura." Da na karanta masa mataki na takwas da na tara, na lissafa waɗanda ka cuta da mayar masu da haƙƙinsu, ya ce wannan ai sharaɗin tuba ne da ke cikin littattafanmu. Game da addu'arsu kuwa ya ce in sun zo nan in yi shiru in yi tawa. Bayan haka ne na gano cewa Musulmin Amurka sun riga ni shiga wannan tunanin, har suka kafa tasu ƙungiyar mai suna Millati Islami a Baltimore a 1989, suka daidaita matakan da Alƙur'ani da sunna. Su ma suna zama ta intanet, na kuma riƙa shiga nasu.

Na biyu ya fi wuyar magani. Da Turanci ake yi, nawa kuwa na wurin aiki ne, ya isa in yi ciniki amma bai isa in faɗi abin da ke cina ba. Ban da harshe ma, matsalarmu ba ta zo ɗaya ta kowace fuska ba. Su giya ce ta kewaye su, a biki, a ofis, a teburin cin abinci, kuma in mutum ya shekara bai sha ba iyalinsa har walima suke yi masa. Ni kuwa ba wanda zan gaya wa na daina, domin bai kamata a san na fara ba. Ranar da na cika wata shida na yini a kan rufin wani gida a hanyar Batagarawa, na sauko, na koma gida, ba wanda ya sani sai maiɗakina. Kuma ranar da aka biya ni kuɗin babban aiki, mota na jana ta inda na saba bi, mutumin da ke Landan ba zai iya zuwa ya zauna kusa da ni ba.

Ranar komawa asibiti na tambayi likita ko akwai irina da ke zuwa wurinsa. Ya ce akwai, amma sunayensu amana ce, ba zai ba ni ko ɗaya ba. Abin da zai iya shi ne, in na yarda, ya ba da lambata ga wanda ya ga ya shirya, shi ya zaɓi kira ko ƙin kira. A duk tafiyar nan ba abin da ya yi mini nauyi kamar wannan amincewar. A Amurka sunan farko na ɓoye mutum. A Katsina ana ganin fuskarka an san unguwarku, an san wa kake aure, an san wanda ya yi maka walicci. Na yi istihara, na yi shawara da maiɗakina. Ta ce, "Abban yara, da a ji ka a wurin neman magani da a tsinto ka a kwalbati, wanne ya fi?" Na koma na ce a bayar.

An daɗe shiru. Sannan wata safiya wani dattijo ya kira, muryarsa a dishe. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana jigila tsakanin Legas da iyakar Jibiya, hantarsa ce ta kai shi asibiti. Muka haɗu bayan sallar la'asar, muka zauna cikin motata. Kallon farko ya ce, "Kai ba jikan wane ba ne na Ƙofar Sauri?" Gabana ya faɗi. Ya dafa ni ya ce, "Kwantar da hankalinka, yaro. Abin da ka riƙe nawa ya fi wanda na riƙe naka." Tun daga ranar Baba nake ce masa. A nan na gane yadda sirri zai yiwu a garin da kowa ya san kowa. Ba ɓoye suna ne zai tsare mu ba, kowa asirin ɗan'uwansa na hannunsa, kuma duk wanda ya fasa, nasa ya fasa.

Sannu a hankali aka ƙaru. Wani malamin makaranta da ke shigowa daga Daura a motar haya, wani ɗan kasuwa, wani matashi da ya gama jami'a yana zaman jiran aiki. Har yau ba mu kai goma ba. Wurin zama ya ba mu wahala. Masallaci akwai masu tambaya, otal kuwa ganinka a ƙofarsa ma abin magana ne, shagona yaran aiki na shige da fice. Zauren Baba muka daidaita a kai, ranar Asabar tsakanin la'asar da magariba. Maƙwabta da suka tambaya ya ce masu zumunci ne, bai kuwa yi ƙarya ba.

Ba mu yi rajista da kowa ba, ba mu kuma kira kanmu da sunan kowace ƙungiya ba. Tsarin da na gani a intanet muka ara, muka gyara. Da addu'a muke buɗewa, a kashe wayoyi a tara su cikin hular Baba, sannan kowa ya yi magana bi da bi. Dokar da ta fi ba mu wuya ita ce ta hana nasiha. Bahaushe bai iya jin matsala ya yi shiru ba, balle babba gaban yaro. Zaman farko-farko da matashin nan ya fara magana, kafin ya kai rabi an rufe shi da "ka ji tsoron Allah" da "ka tausaya wa mahaifiyarka," sai ya ja bakinsa ya tsuke, mako na gaba bai zo ba. Da ƙyar aka lallaso shi. Daga nan muka tsayar cewa ba mai cewa "ka yi," sai dai "ni ga abin da na yi." Baba da kansa, mai shekarun haifar kowa a wurin, yake jiran layinsa. Doka ta biyu, ba rance tsakaninmu, domin bashi na raba abokai kuma a nan rabuwa na iya zama komawa sha. Abin da ake tarawa na shayi ne da kuɗin motar mai zuwa daga nesa, kowa ya jefa abin da ya samu ba a ƙirga na wane.

Da Hausa maganganun da ban taɓa iya furtawa ba suka fito. Yadda mutum ke tsayawa a sahu yana tsoron na kusa da shi ya ji wari. Yadda ake limanci a gida da maye a ka. Kuɗin makarantar yara da aka taɓa, zinaren mata da aka sayar aka ce ɓarawo ne. Akwai kuma lokutan haɗari da mu kaɗai muka san su: daren sallah, bikin aboki inda tsofaffin abokan sha ke taruwa, ranar albashi, ranar da aka yi faɗa da maiɗaki. Kafin ƙaramar sallah mukan zauna kowa ya faɗi inda zai yini da wanda zai kira.

Akwai wanda ya koma sha a cikinmu bayan ya daɗe da dainawa. Ya ɓace, ya daina ɗaukar waya. Baba ya hau Keke ya je har ƙofar gidansa, bai yi masa faɗa ba, ya ce Asabar muna jiransa, kuma in ya san ya yi kwanaki yana sha a jere to asibiti za a fara zuwa kafin zaure. Ni na kai shi. Wannan iyaka muna tsare ta sosai. Mu ba likitoci ba ne, ba mai ba wani ƙwaya, ba mai cewa wani ya ajiye maganin da aka rubuta masa. Da ya dawo ya zauna a bakin ƙofa kansa a ƙasa, aka matsa masa wuri a kan tabarma, aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Ni Baba na zaɓa ya zama madogarata, wanda nake kira kowane dare ko da ba abin da ya faru. Da shi na zauna na yi lissafin waɗanda na cuta. Wasu kuɗi ne, na biya a hankali. Akwai wani mai gida da na yi wa aikin wuta cikin maye, na koma na ce ina so in sake duba aikin kyauta, na kuwa tarar da haɗin da zai iya tayar da gobara. Na maiɗakina ba ya biyuwa da kuɗi, kuma Baba ya hana ni yi mata dogon alkawari. Ya ce ta ƙoshi da alkawari, in dai riƙa dawowa gida kafin isha.

An sha tambayarmu ko muna karɓar masu shan ƙwaya da kodin da wiwi, waɗanda a garin nan sun fi mashaya giya yawa a fili. A ƙasashen waje suna da tasu ƙungiyar daban, NA, tun 1953. Mu ba mu da yawan da za mu rabu gida biyu, don haka duk wanda likita ya turo muna karɓa.

Abin da ya rage mana a wuya shi ne mata. Kwanakin baya wata ma'aikaciyar jinya a sashen da aka kwantar da ni ta kira ni ta ce akwai wata baiwar Allah, matar aure, da ta ji labarin zamanmu take so ta zo. Muka tattauna, muka ga ba zai yiwu ba. Mace ta shiga zauren maza a unguwa kowace Asabar, kafin wata ya ƙare aurenta ya mutu, kuma abin da za ta faɗa ba na kunnen maza ba ne. Na tura mata hanyar shiga zaman mata zalla na intanet ta hannun ma'aikaciyar, sai aka ce ba ta jin Turanci, wayar ma ta mijinta ce. Na kai wa Yaya maganar. Ta ce ɗakinta na nan, mata na shiga gidanta kullum don kitso da adashi, ba wanda zai ɗaga ido. Ma'aikaciyar ta ce tana da wata ta biyu da take lallashi. In ta amince, za su fara bayan babbar sallah, Yaya ta ba su ɗaki ta fita tsakar gida.